Babi na 7: Makaman Ƙwayoyin Cutar Maƙogwaro da Huhu

Tari iri-iri ne. Akwai na mura, wanda kan wuce da kansa cikin mako ɗaya ko biyu. Akwai wanda kan toshe wa yaro numfashi cikin 'yan kwanaki. Akwai kuma mai cin mutum a hankali har ya koma ƙashi da fata. A wannan babi za mu karanta cututtuka huɗu: mashaƙo, tarin shiƙa, namoniya da tarin fuka. Dukansu ƙwayoyin cuta da ake kira bakteriya suna kawo su, amma kowace da irin makaminta. Makamin nan ne ke sa likita ya ce wa wannan, "Ku kawo shi yanzu-yanzu," ya ce wa wancan, "Sai ka yi wata shida kana shan magani." Ba son ransa yake bi ba.

Kalmomin da malami zai rubuta a allo

Ƙwayar jiki: ƙaramin abu mai rai wanda ido ba ya gani. Fata, nama, jini da huhu duk da irinsa aka gina su.

Ƙwayar cuta: baƙuwar halitta da ke shiga jiki ta hayayyafa. Ta namoniya, in aka jera guda 1,000, tsawonsu kusan milimita ɗaya ne kawai.

Furotin: sinadarin da ke yin kusan kowane aiki a cikin ƙwayar jiki. Kowane furotin da siffarsa, kuma siffar ce ke ba shi ikon aikinsa.

Dafi: abin da ƙwayar cuta ke fitarwa ya lalata ƙwayoyin jiki. Yawancin dafin da za mu karanta a nan shi ma furotin ne.

Tsaron da ke hanyar iska

Babban mutum kan shaƙi iska wajen lita 10,000 a yini, da ƙurarta da hayaƙinta da duk abin da ta kwaso. Da babu tsaro, da ba wanda zai kai labari. Majina ce tsaro na farko, ita ke kama ƙura da ƙwayoyin cuta. A ƙarƙashinta akwai wasu ƙananan gasu da suka lulluɓe bututun iska. Suna kaɗawa fiye da sau 10 a kowace daƙiƙa, dare da rana, suna turo majinar sama zuwa maƙogwaro, mu haɗiye ko mu tofar. Abin da ya tsallake ya kai can cikin huhu, sai ya tarar da manyan fararen ƙwayoyin jini da aikinsu shi ne haɗiye baƙo su narkar da shi. A wannan darasi za mu kira irin wannan ƙwaya mahaɗiya.

Duk ƙwayar cutar da ta kwantar da mutum, ta samu dabarar karya ɗaya daga cikin waɗannan ne.

Mashaƙo: ƙwaya a maƙogwaro, ɓarna a zuciya

Mutanen Kano ba sa bukatar a ba su labarin mashaƙo. Daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 cutar ta ɓarke a Najeriya, kuma Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu. Ta shiga Yobe, Katsina, Bauchi da Borno, ta kuma taɓa jihar Damagaram a Nijar. Akasarin waɗanda ta kwantar yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, waɗanda ba a yi musu rigakafi ba ko aka fara ba a kammala ba.

Ƙwayar mashaƙo ba mai yawo ba ce. Inda ta sauka a maƙogwaro, nan take zama. To me ke kai ɓarnarta zuciya? A 1888 wasu masana biyu a birnin Faris, Émile Roux da Alexandre Yersin, suka raini ƙwayar a cikin ruwa, suka tace ruwan har ba ƙwaya ko ɗaya a ciki, sannan suka yi wa dabbobi allurarsa. Dabbobin suka kamu da ciwo suka mutu. Ashe dafi ne ƙwayar ke zubawa, jini ya kwashe shi ya zagaya da shi.

Dafin furotin ne mai sassa biyu, masana suna ce musu A da B. Mu bi shi daki-daki.

Sashen B shi ne mai kamu. A jikin ƙwayoyinmu akwai wani furotin da siffarsa ta yi daidai da ta B, sai B ya manne masa. Ƙwayoyin zuciya da na jijiyoyin laka suna cikin waɗanda dafin ya fi yi wa illa. Da ya manne, ƙwayar jiki da kanta take jawo shi ciki, ta naɗe shi cikin wata 'yar jaka, yadda ta saba yi wa abubuwan da take ɗauka daga waje. Daga nan ta shiga zuba tsami a jakar. Tsamin nan dafin yake jira. Da ya ji shi sai ya sake siffa, ya huda jikin jakar, ya tura sashen A tsakiyar ƙwayar.

A nan sai mun tuna da keken ɗinki. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tela ya ga wasu 'yan haƙora a ƙarƙashin allura, waɗanda ke jan yadi gaba bayan kowane ɗinki. In haƙoran suka tsaya, ga zare ga allura ga tela, amma riga ba za ta fito ba. A cikin kowace ƙwayar jiki akwai injinan da ke harhaɗa furotin, guntu bayan guntu. Abin da ke matsar da aikin gaba bayan kowane guntu wani furotin ne mai suna EF-2. Shi sashen A ke nema. Yakan liƙa masa wani ɗan sinadari, EF-2 ya ƙage, ya kasa motsi. Abin tsoron shi ne A ba ya ƙarewa a wajen aikin. Ya gama da wannan ya koma kan na gaba, har ya bi su duka. Masana sun gwada sun tabbatar cewa sashen A guda ɗaya tak ya isa ya kashe ƙwayar jiki guda.

Yanzu alamomin da iyaye ke gani sun zama abin fahimta. Ƙwayoyin maƙogwaro su ne na kusa, su ke fara mutuwa. Matattun su haɗu da daskararren jini da fararen ƙwayoyi da ƙwayoyin cutar, su zama wata yana mai kauri, ruwan toka, manne a ganɗa da maƙoshi. Wuya ya kumbura, murya ta dishe, haɗiya ta gagara. In yanar ta yi ƙasa, ta toshe hanyar iska.

Kada a kankare yanar nan da cokali ko yatsa. A manne take da nama, jini za ta yi, kuma ɓallinta na iya faɗawa ya shaƙe yaron. Kada kuma a kai shi wurin wanzami a ce belu ne. Aska ba ta cire dafin da ya shiga jini, sai dai ta ƙara rauni, ta kuma cinye lokacin da ya kamata a ce ana asibiti.

Lokacin nan shi ne komai, ga kuma dalili. A asibiti abu biyu ake bayarwa. Na ɗaya maganin kashe ƙwayar, don ta daina zuba sabon dafi. Na biyu allurar karya dafi, wadda wani Bajamushe, Emil von Behring, da abokin aikinsa ɗan Japan, Kitasato, suka buɗe hanyarta a 1890. A kan wannan aiki Behring ya karɓi kyautar Nobel ta farko a fannin likitanci a 1901. Har yau daga jinin doki ake samar da ita. Allurar tana kama dafin da ke yawo a jini ne kawai. Wanda ya riga ya shige cikin ƙwayar zuciya ya fi ƙarfinta. Saboda haka yaron da aka kai ranar farko da wanda aka kai rana ta biyar, allura ɗaya za a yi musu, amma abin da za ta tarar ba ɗaya ba ne. Ko da magani, cikin mutum 100 da suka kamu akan rasa 5 zuwa 10, kuma abin ya fi tsanani ga 'yan ƙasa da shekara 5.

Wani abin da iyaye kan yi kuskure a kai: maƙogwaro ya washe, yaro ya fara cin abinci, sai a matsa a sallame su. Alhali ɓarnar zuciya takan bayyana ne bayan mako ɗaya ko biyu, ta jijiyoyi ma ta fi haka jinkiri. In yaro ya sha ruwa ya dawo ta hanci, ko yana magana ta hanci, ko ya yi laushi yana haki, a koma asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba.

Ga wani abin al'ajabi da ba zai canza muku komai a gida ba, amma ya cancanci a sani. Ba kowace ƙwayar mashaƙo ke da dafi ba. A 1951 wani masani a Amurka, Victor Freeman, ya gano cewa sai wani bairos, wato ƙwayar cuta da ta fi bakteriya ƙanƙanta, ya harbi ita kanta ƙwayar, ya dasa mata umarnin haɗa dafin a cikin DNA ɗinta, sinadarin da ke ɗauke da umarnin halitta, sannan take zama makashiya. Ita ma mai cutar, cuta ce ta kama ta.

Rigakafi kuwa daga dafin kansa aka yi shi. A 1923 Gaston Ramon, a Faransa, ya jiƙa dafin da wani sinadari mai suna fomalin. Siffarsa ta waje ta tsaya yadda take, ikon ɓarnarsa ya mutu. In aka yi wa yaro allurarsa, jiki zai haddace siffar, ya tanadi furotin na garkuwa da za su damƙe dafin gaske tun bai manne ba. Yana cikin allurar Penta da ake yi wa jariri a mako na 6, na 10 da na 14, kyauta a asibitocin gwamnati. Sau uku ne saboda jiki ba ya haddacewa sosai a karo ɗaya.

Tarin shiƙa

Wannan ƙwayar, wadda Jules Bordet da Octave Gengou suka ware a 1906 a ƙasar Beljiyam, kan ƙananan gasun nan take sauka. Tana da furotin masu danƙo da take riƙe su da su. Tana girma tana zubar da ɓurɓushin ɓawonta, ɓurɓushin kuma ya sa ƙwayoyin da ke ɗauke da gasun su mutu. Tana da wani dafin da ke rikita saƙonnin da fararen ƙwayoyin jini ke aiki da su, sai su taru cikin jini ba su isa inda ake bukatarsu ba.

Gasu sun tafi, majina mai yauƙi ta taru, ba abin da zai turo ta sai tari. Yaro ya yi ta tari a jere ba numfashi, idanu su yi ja, ya ja iska da ƙara, sau da yawa ya yi amai. Tarin kan kai wata biyu zuwa uku. In an ba da magani a makon farko, lokacin da abin ke kama da mura, yakan rage tsanani. In an makara, maganin zai kashe ƙwayar ya hana yaɗuwa, amma tarin sai bututun iska ya warke sababbin gasu sun fito. Don haka kada a yi ta sauya magani daga wannan kemis zuwa wancan ana cewa bai karɓe shi ba. Jariri ɗan wata ɗaya ko biyu shi ne abin ji: wani ba ya ma tarin, numfashi ne ke ɗaukewa, leɓe ya canza launi. Wannan na asibiti ne nan take. Rigakafinsa yana cikin Penta.

Namoniya: ƙwaya mai santsi

Ƙwayar da ta fi kawo namoniya tana zaune a bayan hancin yara da yawa masu ƙoshin lafiya, ba ta yi musu komai. Tana samun hanya ne in mura, ƙyanda, hayaƙin murhu ko ƙurar hunturu sun raunana gasun bututun iska, ko tamowa ta karya garkuwar yaro. Sai ta gangara cikin ƙananan buhunan iska na huhu, waɗanda yawansu ya haura miliyan 300.

Makaminta na farko wani lulluɓi ne mai santsi, na sinadarin dangin sukari, wanda ya rufe ta ruf. Mahaɗiya ta zo kamawa ta rasa inda za ta riƙe. A 1928 Frederick Griffith, a Ingila, ya nuna cewa mai lulluɓin tana kashe ɓera, marar lulluɓin kuwa ba ta yi masa komai. Makami na biyu dafi ne da ke fita in ƙwayar ta fashe. Gutsattsarinsa kan jeru su yi zobe a jikin ƙwayar huhu, tsakiyar zoben ya zama rami, abin cikin ƙwayar ya tsiyaye. Jiki ya turo ruwa da fararen ƙwayoyi da yawa wurin, buhunan iska su cika da ruwa da mugunya. Wurin shigar iska ya ragu, dole yaro ya riƙa numfashi da sauri don ya cike gibin.

Wannan saurin numfashi kowa na iya ƙirga shi, ko bai taɓa shiga aji ba. A bari yaro ya natsu, ba ya kuka, ba ya shan nono. A ɗaga masa riga. A duba agogon waya, a ƙirga minti ɗaya cif. Ƙirji ya ɗaga ya sauka, ɗaya ke nan.

Ɗan ƙasa da wata 2: 60 ko fiye, ya yi sauri.

Daga wata 2 zuwa wata 11: 50 ko fiye, ya yi sauri.

Daga shekara 1 zuwa 5: 40 ko fiye, ya yi sauri.

In kuma ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko ya kasa shan nono, ko yana barci ba ya tasuwa, ba sai an tsaya ƙirga ba.

Lulluɓin nan kala-kala ne, ya fi iri 90. Allurar PCV tana ɗauke da samfurin waɗanda suka fi kashe yara, don jiki ya tanadi abin da zai manne wa lulluɓin ya ba mahaɗiya mariƙa. Rana ɗaya ake yin ta da Penta.

Maganin da aka fi bayarwa shi ne amoksisilin. Aikinsa hana ƙwayar gina ɓawonta, in ta zo rabuwa biyu sai ta fashe. Ƙwayoyin jikinmu ba su da irin wannan ɓawo, shi ya sa ba ya taɓa su. Bairos mai kawo mura shi ma ba shi da shi. Ke nan wanda ya sayi kafso ja-da-rawaya don mura ya yi asarar kuɗinsa, ya kuma ba ƙwayoyin da ke hancinsa damar sabawa da maganin kafin ranar da za a bukace shi da gaske.

Tarin fuka: wadda ke zama cikin mai kama ta

Ranar 24 ga Maris, 1882, Robert Koch ya sanar a birnin Balin cewa ya gano ƙwayar tarin fuka, shi ya sa ake tunawa da cutar a wannan rana kowace shekara. A ganina ita ce ta fi sauran ukun wayo, domin ba ta da gaggawa ko kaɗan. Wasu ƙwayoyin hanji kan rabu biyu cikin minti 20. Ita sai ta yi awa 15 zuwa 20.

Tana shiga ne ta iskar da mai ciwon ya yi tari a ciki, kuma takan daɗe tana shawagi a ɗakin da ba taga. Cin abinci a kwano ɗaya ko musabaha ba sa kawo ta. Da ta isa huhu, mahaɗiya ta haɗiye ta, ta sa ta a jaka. A ƙa'ida, sai a zuba wa jakar tsami, a haɗe ta da wata jakar mai ruwan narkarwa, baƙo ya narke. Ƙwayar tarin fuka tana fitar da wasu furotin da ke hana a kafa famfon tsamin, su kuma hana jakunkunan biyu haɗuwa. Ga shi ɓawonta na wani irin kitse ne mai kauri da tauri, wanda ruwa da magunguna da yawa ba sa ratsawa. Sai ta zauna cikin mahaɗiyar tana hayayyafa. In wuri ya yi mata kaɗan, tana da wani furotin mai suna ESAT-6 da take huda jakar da shi, mahaɗiyar ta mutu, 'ya'yan su fita su shiga wasu.

Allurar BCG da ake yi wa jariri a kafaɗa ranar haihuwa 'yar'uwar wannan ƙwaya ce, ta shanu. Albert Calmette da Camille Guérin, a Faransa, sun shekara 13 suna rainonta a kan dankali da ruwan matsarmamar shanu, suna sauya mata mazauni har sau 230, kafin a fara ba ɗan Adam a 1921. A cikin wannan doguwar tafiya ta yar da guntun DNA da ke ɗauke da umarnin ESAT-6, shi ya sa take koya wa jiki ba tare da ta kwantar da shi ba. Tana kare ƙananan yara daga mugun nau'in cutar, irin mai hawa ƙwaƙwalwa. Kariyarta ga huhun manya ba ta da ƙarfi, don haka tabon BCG a kafaɗa ba hujjar ƙin gwaji ba ne.

Jiki in ya kasa kashe ta, sai ya kewaye ta. Fararen ƙwayoyi su taru su yi dunƙule, ita tana tsakiya, ta rage numfashi ta kwanta. A haka za ta iya shekaru. An ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa ɗaukar ta, amma cikin 100 da suka ɗauka, 5 zuwa 10 ne ciwon kan tasar wa a tsawon rayuwa. Masu buɗe mata hanya su ne cutar HIV, ciwon suga, yunwa, shan taba da tsufa.

Ranar da dunƙulen ya gaza, tsakiyarsa ya ruɓe ya narke, ya fashe cikin bututun iska, ya bar kogo a huhu. Daga nan ne kaki mai ɗauke da ƙwayoyi ke fitowa, wani lokaci da jini in ɓarnar ta taɓa jijiya. Zazzaɓin yamma, gumin dare da rama kuwa, yawancinsu daga sinadaran da jikin mutum ke fitarwa ne yana faɗa, musamman wani mai suna TNF, wanda ke ɗaga zafin jiki ya kashe sha'awar abinci. Ba sammu ba ne, ba kuma gado ba ne. Abin da ya sa ake ganinsa a gida ɗaya shi ne iska ɗaya ake shaƙa.

Duk tarin da ya kai mako 2, a je a ba da kaki. Na'urar GeneXpert tana neman DNA na ƙwayar, ta ba da amsa cikin kamar awa 2, har ta faɗa ko ƙwayar ta bijire wa babban maganin. Gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati.

Karatu: mutum biyu su tashi su karanta hirar mai tarin fuka da malamar asibiti

"Malama, ni fa na warke. Tari ya tsaya, ina cin tuwo, har gona na je jiya."

"Alhamdu lillahi, Baba. Wata nawa ke nan da farawa?"

"Biyu cif. Ga shi fitsarina ya koma ja, tsoro nake ji kada maganin ya taɓa mini ƙoda."

"Jan nan launin rifamfisin ne, ɗaya daga cikin magungunanka, Baba, ba jini ba ne. In an gama sha zai wuce. Abin da za ka kula da shi, in ido ya yi rawaya, ko amai ya dame ka, ko gani ya ragu, ka zo ka faɗa mini a ranar."

"To 'yata, in na ji sauƙi, na mene ne sauran wata huɗun?"

"Waɗanda suka mutu su ne na farke, masu hayayyafa. Akwai na kwance cikin dunƙule. Ɗaya daga cikin magungunanka aikinsa hana ƙwaya gina ɓawon kitsenta ne. Wadda ke kwance ba ta gini, ba abin da zai hana ta. Sai ta motsa ake samunta, kuma ba rana ɗaya suke motsawa ba."

"In na bari fa?"

"Su farka su cika huhu, Baba. Kuma waɗanda suka fi taurin kai ne za su rage. Ka dawo nan, maganin da ya yi maka aiki jiya ya ƙi yi, jikokin da ke kwana ɗakinka su shaƙi irin wannan."

"A'a, ba za a yi haka ba. Zuba mini na wannan watan."

Maganar malamar asibiti tana da tushe. A wata 2 na farko magani huɗu ake haɗawa, a wata 4 na baya kuma biyu. Rifamfisin yana toshe injin da ƙwayar ke kwafo umarni daga DNA ɗinta da shi. A cikin miliyoyin ƙwayoyin da ke kogo ɗaya, akan samu wadda siffar injinta ta ɗan sauya, maganin ya rasa wurin zama a jikinsa. In magani ɗaya ake sha, ita za ta tsira ta cika wurin. In huɗu ne, wanda ya kuskure ta, wani zai same ta. Mai sha yau ya tsallake gobe, ko ya zaɓi wasu magungunan ya bar wasu, shi ke rainon irin wannan da hannunsa, kuma maganinta daban ne, ya fi tsada, ya fi wahalar sha.

Tambayoyi

1. Me ya sa allurar karya dafin mashaƙo ta fi amfani a ranar farko?

2. Yaro ya warke daga ciwon maƙogwaro, bayan mako biyu ruwa na dawo masa ta hanci. Me za a yi?

3. Yarinya 'yar wata 8 tana numfashi sau 54 a minti. Ya yi sauri ko bai yi ba?

4. Me ya sa amoksisilin ba ya maganin mura?

5. Wani ya ce tarin fuka gadon gidansu ne. Wace amsa za ku ba shi?

Aikin gida

Kowa ya nemo katin rigakafin ƙaramin yaron da ke gidansu. A nemi inda aka rubuta BCG, Penta 1, Penta 2, Penta 3, da PCV 1, 2 da 3. A kwafe kwanan watan da ke gaban kowanne a littafin rubutu. Inda aka ga fili ba a cike ba, a ja layi a ƙarƙashinsa, a tambayi ranar da ake rigakafi a asibitin unguwa, a kai yaron ko da watanninsa sun wuce. Ba a sake farawa daga farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa.

Sannan a ƙirga numfashin yaro mai lafiya sau biyu, da safe da kuma lokacin da yake barci, a rubuta shekarunsa da adadin da aka samu. A zo da littafin aji na gaba.